Ɗakunan bautar Hindu a ƙasashen waje: da gaske ne babu rodi ko ɗaya a jikinsu?

Injiniya_Sabo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka buɗe babban ɗakin bautar mabiya addinin Hindu a Abu Dhabi ranar 14 ga Fabrairun 2024, maganar da ke yawo ita ce wai babu rodi ko ɗaya a jikinsa, daga tushe har ƙololuwa, alhali tsayinsa ƙafa 108. Haka aka daɗe ana faɗa game da na unguwar Neasden a Landan, wanda aka buɗe a 1995. Ni dai a ganina an yi wa zancen gishiri. Babu hukumar gine-ginen da za ta sa hannu a kan ginin da dubban mutane za su shiga sai ta ga lissafi. Wane lissafi aka nuna mata? Sannan wannan doka ce ta addininsu da ke binsu duk inda suka yi ƙaura, ko kuwa zaɓin masu hali ne?

Binta_Zane:
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a yi nisa a raba abu biyu. Ɗakunan bautar da aka gina da dutse zalla a wajen Indiya ba su da yawa, kuma galibinsu na ƙungiya ɗaya ce, BAPS ta mutanen jihar Gujarat ta Indiya: Neasden, Toronto a 2007, Chino Hills ta Kalifoniya a 2012, Robbinsville ta New Jersey a 2023, sai Abu Dhabi. Sauran ɗaruruwan da ke Amurka da Ingila da Kanada da Jamus, ko dai tsohon coci ne aka saya, ko sito, ko gidan zama, ko kuma ginin bulo da ƙarfe irin wanda kowa ya sani. Yadda aka saba a Amurka shi ne ɗan kwangilar garin ya tayar da zaure bisa dokar gini ta jihar, da ginshiƙan ƙarfe da rufi da wayarin, a karɓi takardar shiga. Bayan nan a kawo masu sassaƙa daga jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya su zauna shekara ɗaya ko biyu suna ɗora hasumiya da ƙananan ɗakuna da ado, da bulo da siminti da waya. Wannan ginin cike yake da rodi, kuma babu wanda ya ce bautar da ake yi a cikinsa ba ta karɓu ba.

Magini_DanZazzau:
Hajiya Binta ta gyara hanya. Amma na dutsen ma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san halin dutse. Dutse yana ɗaukar danni, ba ya ɗaukar ja. Rodi kuwa aikinsa a kankare shi ne ɗaukar ja. To idan ka tsara gini yadda kusan ko'ina danni ne, ka rage buƙatar rodi. Shi ya sa za ka ga ginshiƙai sun yi yawa, kusa da kusa. Na Neasden ginshiƙi 193 gare shi. Dogarin dutsen da ke kwance tsakanin ginshiƙi biyu gajere ne kuma mai kauri, a kan kowane ginshiƙi kuma akwai kai mai fiffike da ke ƙara rage tazarar. Ƙubbar ma zobe-zobe ake jera ta, kowane zobe ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, nauyin da ke bayansa ya danne shi, har a rufe da dutse ɗaya a sama. Mahaɗa kuwa harshe da rami ne, wani dutse ya shige cikin wani, inda ake son ƙarin riƙo a sa maƙalar tagulla.

Dalilin gudun ƙarfe a fili yake. Idan danshi ya kai gare shi ya yi tsatsa, tsatsar tana kumbura ta ninka girman ƙarfen, ta tsaga dutsen daga ciki inda ido ba ya gani. Wanda ke lissafin shekara 50 ba ruwansa. Su kuwa shekara dubu suke ambata.

Kankare_Master:
Wurin da ya fi wuya shi ne tushe, domin dogarin dutse ba ya yafe motsi. Idan gefe ɗaya ya nitse ko kaɗan, sai ya karye. Shi ya sa suke zuba faifan kankare guda mai kauri sosai. A Neasden an zuba tan 4,500 cikin awa 24 a Nuwamban 1992, kaurinsa kusan mita 1.8.

Wanda aka fi sanin lissafinsa shi ne na ɗakin bautar Iraivan a tsibirin Kauai na Hawaii. Farfesa P. Kumar Mehta na jami'ar Berkeley ne ya tsara haɗin, aka zuba a 1999. Faifai biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kowanne kaurin ƙafa biyu, tsawo ƙafa 117, faɗi ƙafa 56, ba rodi. Matsalar kankare mai kauri ita ce zafin da siminti ke fitarwa yana kamawa. Ciki ya yi zafi ya buɗe, waje ya huce ya tsuke, sai tsaga. Inda akwai rodi, shi ke riƙe tsagar kada ta buɗe. Inda babu, dole a hana ta faruwa tun farko. Sai suka maye kashi 57 cikin ɗari na simintin da tokar kwal ta tashar lantarki. Siminti kilo ɗari da 'yan kai kawai ke cikin kowace mita kubik, inda mu mun saba da ɗari uku zuwa sama. Ruwa kaɗan, da maganin sassauta kwaɓi. Farashin da ake biya shi ne jinkiri: ƙarfinsa ba ya zuwa a kwana 7 ko 28 yadda muka saba, sai an kai wata uku ana jiƙa shi ana rufe shi. A Abu Dhabi ma hanyar ke nan, mita kubik 3,000 a zubi ɗaya a Fabrairun 2020, kashi 55 cikin ɗari toka.

Injiniya_Sabo:
Na gamsu da bayanin nauyin da ke sauka ƙasa. Amma girgizar ƙasa fa? Ita daga gefe take turowa. Tarin duwatsun da nauyinsu kawai ke riƙe su, yaya za su yi a Kalifoniya?

Kankare_Master:
A nan ne tambayarka ta yi ƙarfi, Injiniya. Na Chino Hills a kan na'urorin raba gini da ƙasa guda 40 yake zaune, waɗanda ke barin ƙasa ta motsa a ƙarƙashi ba tare da ta fizgi ginin ba. Waɗannan na'urori da ƙarfe ake ƙera su. Saboda haka idan an ce "babu ƙarfe", a tambaya: a ina? A jikin dutsen da ke sama, ko har da abin da ke ɗauke da shi?

Malam_Tarihi:
Ina so in taɓa rabi na biyu na tambayar. Ba doka ba ce da ta game dukkan Hindu. Ɗakin bautar rana na Konark a jihar Odisha, ginin ƙarni na 13, an yi amfani da dogayen sandunan ƙarfe da maƙalai a cikinsa, wasu sandunan suna nan a ajiye a harabar har yau. Maginan ma gida biyu ne manya. Akwai zuriyar Sompura ta Gujarat da Rajasthan, masu hasumiya mai lanƙwasa ta salon arewa; C. B. Sompura ne ya zana na Neasden. Akwai kuma maginan kudu da ake kira sthapati, masu hasumiya hawa-hawa da babbar ƙofa, V. Ganapati Sthapati ne ya zana na Kauai. Kowane gida da littattafansa da ma'auninsa.

Kuma masu ƙaura na farko ba su da halin wannan duka. Leburorin rake da Turawan Ingila suka kai Trinidad daga 1845 da Natal ta Afirka ta Kudu daga 1860, da itace da kwano da laka suka fara. A wancan zamani ma manyan malamansu suna ganin ƙetare teku yana zubar da tsarkin mutum. Wani lebure, Siewdass Sadhu, ya gina ɗan ƙaramin ɗakin bauta a Waterloo ta Trinidad a 1947 a filin kamfanin rake, aka rushe, aka ɗaure shi kwana 14. Da ya fito sai ya koma cikin teku, inda ba filin kowa ba ne, yana jigilar duwatsu da siminti a kan keke, yana cika gangunan mai da kankare su zama tushe. An sake gina wurin a 1995. Gangar mai ƙarfe ce, ba wanda ya ce masa ya saɓa littafi.

Abu_Sumayya:
Ni fa ban ga amfanin wannan dogon bayani a kan gidan gumaka ba. Mu Musulmi ne. Me za mu ƙaru da shi?

Shugaban_Zaure:
Malam Abu Sumayya, Allah ya saka da alheri. Aƙidarmu a kan bautar gumaka sananniya ce, ba wanda ya zo nan don ya canza ta. Zauren na magina ne da masu zane, kuma kankaren da ba ya tsagewa ilimi ne da muke buƙata a tushen masallaci da gada da dam. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshensu ya rubuta littafi guda a kan addininsu da lissafinsu wajen shekara ta 1030, bai fasa zama malamin Musulunci ba. A ci gaba, amma a kiyaye harshe ta kowane ɓangare.

Falaki_Kano:
Tun da an ambaci al-Biruni, ga abin da ya haɗa mu da su kai tsaye. Yawancin ɗakunan bautarsu gabas suke fuskanta, kuma hanyar fitar da gabas ita ce wadda malaman falakinmu suka kira da'irar Hindu, suna fitar da layin zawali da ita kafin su auna alƙibla. A daidaita ƙasa ta kwanta sosai, a gwada da ruwa. A kafa sanda a miƙe, a zana da'ira kewaye da ita. Da hantsi, inda kan inuwar ya taɓa da'irar yana shiga, a sa alama. Da la'asar, inda ya taɓa yana fita, a sa alama. Layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma. Abin da ke ɓata shi uku ne: ƙasa ba ta kwanta ba, sanda ta karkace, ko kan inuwar ya yi dishi-dishi saboda sandar ta yi tsawo.

Gwajin ƙasa ma yana cikin littattafansu. A haƙa rami kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, a mayar da ƙasar da aka fitar. Idan ta yi saura, ƙasar mai kyau ce, domin a matse take. Idan ta cika daidai, matsakaiciya. Idan ba ta cika ba, a bar wurin. Sannan a cika ramin da ruwa a kwana, a duba abin da ya rage da safe. Bayan haka a raba filin gida 64 ko 81, tsakiyar ta zama ta ɗaki mafi tsarki.

Binta_Zane:
Malam Falaki, duk wannan sai wanda ya sami fili fetal. Wanda ya sayi tsohon coci ko sito, ƙofarsa inda titi yake take kallo, kuma hukuma ba za ta bari a juya ta ba. Abin da suke yi shi ne su bar ƙofar waje yadda take, su gina ƙananan ɗakunan ciki suna kallon gabas, ko da mai shigowa zai zagaya. Na gunkinsu Ganesh da ke Flushing a New York, wanda aka keɓe ranar 4 ga Yulin 1977, filin wani cocin Rashawa aka saya, a tsakiyar gidajen mutane. Na Hamm a Jamus, na Tamilawan Sri Lanka da yaƙi ya koro, a unguwar masana'antu aka ba su wuri bayan maƙwabta sun yi ƙorafi a inda suke da farko. Bajamushe ne ya zana shi, Heinz-Rainer Eichhorst, murabba'i mita 27 kowane gefe, hasumiyar ƙofa mita 17, aka buɗe a 2002. A kudancin Indiya ƙananan ɗakunan a tsakar gida suke, a sarari. A Jamus an tattara su duka a ƙarƙashin rufi ɗaya saboda sanyi.

Wani sauyin kuma, a Indiya ɗakin Shiva daban, na Vishnu daban (manyan abubuwan bautarsu biyu ke nan), kowanne da tsarin hidimarsa. A ƙasar waje jama'ar ba ta kai a raba ba, sai a haɗa, kamar na Livermore a Kalifoniya da na Lanham a Maryland. Wannan yana nufin ɗakuna biyu masu daraja ɗaya, da masu hidima kala biyu a kan albashi.

Dalibin_Addinai:
Bari in jero yadda ake keɓe wurin a al'adar kudu, domin magini yana da hannu a kusan kowane mataki. Da farko bikin neman izinin ƙasa, sai ɗora tubalan farko. Idan tushe ya taso, a binne ƙaramin akwatin tagulla mai gida-gida, a ciki akwai duwatsu masu daraja, ƙarafa, hatsi da ƙasar wurare daban-daban. Dole a bar masa gurbi a zane tun farko, in ba haka ba sai an fasa kankare.

Gunkin kansa, tun a wurin haƙar dutse ake ƙwanƙwasa dutsen a saurara. Mai ƙara kamar ƙararrawa shi ake so, mai amon da ya mutu yana da ɓoyayyiyar tsaga. Idan ya iso, a kwantar da shi cikin ruwa, sannan cikin hatsi, sannan a kan shimfiɗa. Zaman ruwan yana da fa'ida ta zahiri, domin tsagar da ta faru a jirgi tana bayyana, kuma gunkin da ya tsage ba a kafa shi. Sai buɗe ido: a ja labule, babban magini ya ja layin ƙwayar idon da allurar zinariya, abin da za a fara nuna wa gunkin madubi ne, da saniya, da tarin hatsi. A New York ko Toronto wannan yana nufin hayar saniya daga gona da motar ɗaukarta.

A ƙarƙashin gurbin ana sa farantin ƙarfe mai zane da 'yan duwatsu masu daraja, a zaunar da gunkin, a liƙe shi da wani haɗi mai kaya takwas: ƙaron da wani ƙwaro ke tarawa a reshen bishiya, garin dutsen farar ƙasa, ƙaron turare, koya, kakin zuma, jan ma'adinin zaiba, auduga, da man shanun ɓauna. A turmi ake kirɓa shi kamar sakwara, awa da awa, har ya yi zafi ya yi danƙo, a cusa shi da ɗuminsa kewaye da gindin. A gefe guda an kafa rumfa da ramukan wuta da tulunan ruwa, ana karatu kwana uku ko biyar. Ranar ƙarshe a hau da tulunan a zuba a kan tulun tagullar da ke ƙololuwa, sannan a kan gunkin. Daga nan hidima ta musamman ta kwana 48. Kuma daga ranar ba a fasa hidimar kullum, wanda ke nufin albashin mai hidima da gidansa sun zama wajibi har abada. Kwamitoci da yawa a nan lissafinsu ke karyewa, sun tara kuɗin gini ba su tara na riƙo ba.

MaiFamfo_Leicester:
Ga abin da masu zane ke mantawa. Wankan gunki ba da ruwa kaɗai ake yi ba. Madara, kindirmo, man shanu, zuma, sukari, garin kurkum, wani lokaci ruwan lemo da na kwakwa. Ranar babban biki ana iya zuba lita da dama. A Indiya yana fita ta wani indararon dutse a gefen arewa, ya faɗa kwatami a waje, rana ta busar. A Ingila dole ya shiga bututu. Man shanu yana daskarewa da zarar ya taɓa bututu mai sanyi, kurkum da fure su manne a jikinsa, cikin 'yan watanni ya toshe, madarar da ta kwana ta fara wari a ɗakin da ya fi ko'ina daraja a wurinsu.

Maganinsa: bututu kada ya gaza inci huɗu, gangara mai kyau, kwana kaɗan, kowace kwana da murfin dubawa. Rariyar tace fure a bakin indararo. Tarkon maiƙo irin na gidan abinci kafin a haɗu da babban layin gari, a wurin da mota za ta iya zuwa ta kwashe. Famfon ruwan zafi a kusa, a bi da shi bayan kowane wanka. Ƙasan ɗakin kuma a shimfiɗa abin hana yoyo kafin dutse, musamman idan akwai zauren cin abinci a ƙasa, kamar yadda aka saba a can. Wasu jama'ar ba sa yarda ruwan wankan ya haɗu da na ban ɗaki, sai a yi masa rijiyar tsotsewa daban a lambu, idan hukumar muhalli ta amince.

Magini_DanZazzau:
Ƙari a kan na Mai Famfo. Kindirmo da lemo suna da tsami, tsami kuwa yana cin marmara da dutsen farar ƙasa. Shi ya sa gumakan da ake yi wa wankan kullum a al'adar kudu na baƙin dutsen giranit ne, ana shafe su da man riɗi. Masu na farin marmara sukan ajiye ƙaramin na ƙarfe a yi wankan a kansa. Wanda ya shimfiɗa marmara a ƙasan ɗakin wanka zai ga ya dushe ya yi rami-rami.

Hadiza_KasheGobara:
Wuta fa? Ramin hadaya a cikin rufaffen zaure, ana zuba man shanu da itace, ga kafur, ga fitilun mai. Na'urar jin hayaƙi za ta yi ta kuka. Kuskuren da ake yi shi ne a rufe ta da leda ranar biki a manta. Daidai shi ne a sa na'urar jin zafi a wannan sashe maimakon ta hayaƙi, a yi rumfar zuƙe hayaƙi a kan ramin da bututunta daban, a kuma shigo da iska daga waje gwargwadon wadda ake fitarwa. In ba haka ba ƙofofi su riƙa ƙin buɗuwa, hayaƙin ya dawo ciki. Sannan wurin ajiye takalma. Kowa yana cirewa a ƙofa, ɗaruruwan takalma a bakin mafita, ranar gudu su ne za su kayar da mutane. A ware musu ɗaki a gefe, ba a kan hanyar fita ba.

Sanyi_Toronto:
Babban abokin gabar hasumiyar siminti a nan shi ne daskarewar ruwa. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma kusan kashi 9 cikin ɗari. Adon kudu cike yake da lungu da ƙananan siffofi masu riƙe ruwa. Ya shiga da rana, ya daskare da dare, sau da yawa a hunturu ɗaya. Yatsu da hancin siffofin su fara zuba, wayar ciki ta yi tsatsa, ruwa ya bi mahaɗar hasumiya da rufi ya sauko. Masu sassaƙar da aka kawo gwanaye ne, amma a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba suka koyi aiki, saboda haka injiniyan wurin ne zai tsaya a kan gangarar kowane lungu da abin hana yoyo a mahaɗa. Masu ginin dutse sun gane wannan, shi ya sa a Landan da Toronto ba su ɗauko dutsen Indiya don bangon waje ba. A Neasden dutsen farar ƙasa na Bulgeriya ne a waje, sama da tan 2,800, marmaran Italiya kusan tan 2,000 a ciki. A Toronto na Turkiyya ne a waje. A Abu Dhabi, inda zafi ne matsalar, jan dutsen yashi na Rajasthan ya yi daidai. Tulun tagullar ƙololuwa kuma a haɗa shi da wayar saukar da tsawa.

Kwantena_Apapa:
Ku dubi tafiyar dutsen: daga Bulgeriya zuwa Gujarat a sassaƙa, daga can zuwa Landan, guda 26,300, kowanne da lambarsa da ke nuna sashe da layi da gurbi. Abin da ke tsayar da aiki shi ne jerin lodi. Idan kwantenar layi na biyar ta riga ta layi na uku isowa, sai a zauna. Idan guda ɗaya ya karye a hanya, babu irinsa a kasuwa, sai an sassaƙa wani an turo, duk abin da zai hau kansa yana jira.

Dan_Nima:
Mu a Accra muna da namu misalin, kuma ya bambanta da duk waɗanda aka ambata. Hindu Monastery of Africa da ke Odorkor, an kafa shi a 1975, shugabansa na farko Swami Ghanananda ɗan Ghana ne, yawancin mabiyan ma 'yan ƙasa ne, ba Indiyawa ba. Ginin bulo da siminti ne da fenti. Ba a kawo dutse daga ko'ina ba.

Malam_Tarihi:
Batun kogi ma haka suka yi da shi. Ana buƙatar ruwa mai gudu don wankan biki da zuba tokar mamaci. A Mauritius tafkin Grand Bassin suka ɗauka, a 1972 aka kawo ruwan kogin Ganga aka zuba a ciki, ya koma Ganga Talao. A Hamm, mashigin jiragen ruwa na Datteln-Hamm da ke kusa da su suke zuwa. A wajen Leicester an amince da wani sashe na kogin Soar don zuba toka, da sharaɗin kada a jefa leda ko ƙarfe.

Falaki_Kano:
Kalanda ma tana motsawa. Ranar watansu ba awa 24 ba ce cif, tana kaiwa tsakanin awa 19 da 26, kuma galibi ana duba wadda rana ta fito a cikinta a garin da mutum yake. New York tana bayan Indiya da awa tara da rabi a bazara, goma da rabi a hunturu. Saboda haka biki yana iya faɗawa kwana ɗaya kafin na Indiya, kuma wanda ya ɗauko kalandar da aka buga a Chennai zai saɓa. Sa'ar zuba ruwa a ƙololuwa ma da fitowar ranar garin ake lissafa ta. Ga kuma zuwa wurin aiki: a yi ƙaramar hidima a ainihin ranar, a ɗage taron jama'a zuwa Asabar ko Lahadi.

Lauya_Hauwa:
Kada a yi ta yabon dutse a manta da masu sassaƙa shi. A yankin Pindwara na Rajasthan, inda ake sassaƙa da yawa daga cikin duwatsun nan, cutar huhu ta ƙurar dutse ta kama ma'aikata masu yawa, kuma ba ta da magani. Injin yanka a bushe shi ne babban sanadi. Yanka da ruwa, da injin zuƙe ƙura, da abin rufe hanci na gaske suna rage ta ƙwarai, ƙyalle ba ya tare komai. Sannan a 2021 wasu ma'aikatan Robbinsville sun kai ƙara kotu a Amurka, suka ce an kawo su da bizar ma'aikatan addini ana biyansu kimanin dala 1.20 a awa. Ƙungiyar BAPS ta musanta, ta ce masu aikin sa-kai ne na ibada, daga baya wasu daga cikin masu ƙarar suka janye. Ko yaya aka ɗauki shari'ar, tambayar tana nan ga duk mai kawo gwanaye daga waje: wannan hidimar addini ce ko aikin gini? Dokar albashi da ta inshora sun dogara a kan amsar.

Injiniya_Sabo:
Hajiya Hauwa, wannan gaskiya ne. In koma kan tambayata, har yanzu ina riƙe da rabin shakkata. Zauren taro da ke gefen na Neasden, da kicin, da wuraren ajiye motoci a sauran, duk ginin zamani ne. Ashe ɗakin tsakiya kawai ake nufi.

Dalibin_Addinai:
Shi ɗin ne kuwa abin da suka damu da shi, Injiniya. Kuma ko shi ba a barinsa haka nan. A al'adar kudu duk shekara 12 ake sabunta keɓewar. A mayar da abin da suke ɗauka yana cikin gunkin zuwa tulun ruwa ko hoto ko guntun itacen ɓaure, a ajiye a ɗakin wucin gadi, sannan ma'aikata su shiga da takalmansu da injinansu. A ƙanƙare tsohon haɗin nan mai kaya takwas a sa sabo, domin idan ya tsage madara tana shiga ƙarƙashi ta ruɓe, gunkin ya fara girgiɗi. Wanda ya liƙe da siminti ko gam ɗin zamani don gudun wahala, ranar gyara sai ya fasa gindin kafin ya ɗaga.

Magini_DanZazzau:
Ni ban yarda rabin shakka ba ce, Injiniya. Dutse tan dubbai a tsaye shekara 30 a ruwan Landan ba rodi a jikinsa, ai magana ta tabbata.

Kankare_Master:
Shekara 30 ba ta isa hukunci a kan ginin da aka ce na shekara dubu ba ne, Baba Magini. Ginin rodi ma yana kai haka lafiya. A Abu Dhabi sun binne na'urorin awo sama da 300 a tushe da jikin ginin, suna auna danni da zafi da nitsewa da girgiza. Ƙasar wurin da iskarta akwai gishiri, wanda shi ne ke saurin cinye rodi a gine-ginen yankin Gulf, saboda haka a can ne rashin rodin ya fi ma'ana. Wanda ke da hanyar samun alƙaluman nitsewar faifan daga 2020 zuwa yau ya ɗora mana a nan, musamman bambancin tsakiya da gefuna.